Mai Kiwon Murjani a Tarauni

Malam Zakariyya bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne kogin Wudil idan damina ta yi tsaka. A bakin kogin aka haife shi, a gidan masunta, ya tashi yana ɗinkin taru yana kwarfe kwalekwale. Yana da shekara tara yake iya bambance tarwaɗa da karfasa daga yadda saman ruwa ke motsi kawai. Da kifi ya ja baya, kwalekwalen gidansu ya ruɓe ba a sake wani ba, sai ya shigo Kano ya kama ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara shida yana jan Adaidaita Sahu tsakanin Unguwa Uku da titin gidan zu, har bayansa ya ƙi zama. Daga nan wani maƙwabcinsa ya samo masa aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Tarauni: tada janareta, tura ruwa tanki, sauya ƙwan fitila idan ya mutu.

Mai asibitin, Dakta Balaraba, ta daɗe tana aiki a Jidda, kuma daga can ta dawo da wata sha'awa da ba wanda ya gane kanta. Wata rana aka sauke wani akwatin gilashi a ɗakin jiran marasa lafiya, tsawonsa kamar a kwantar da ƙofa. Aka cika shi da ruwa, aka zuba yashi a ƙasa, aka jera duwatsu, aka kunna shuɗiyar fitila. Bayan 'yan makonni aka kawo kifaye shida da waɗansu abubuwa masu kama da reshe, waɗansu kamar kunnen giwa.

Abin da Malam Zakariyya ya fara yi shi ne abin da kowane ɗan masunta zai yi: ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Likita, an yi miki ɓarna," ya ce. "Wani ya zuba gishiri a ruwan nan."

Ta yi dariya har da riƙe kujera. Ta ce ita ce ta zuba, kifin teku ne, ruwan daɗi kashe su zai yi. Sannan ta nuna masa rassan nan ta ce ba duwatsu ba ne kuma ba ganye ba ne. Murjani ne, da ransa.

Shi murjanin da ya sani shi ne jan dutsen da ke wuyan kakarsa. Ya durƙusa ya manna goshi a gilashi, ya ga ƙananan bakuna suna buɗewa a jikin reshen suna kaɗawa kamar gashin jariri. Da ya koma gida ya ba matarsa Hadiza labari, ta ce, "To, idan ya haihu a sammini ɗaya in ɗaura a wuya."

Ba wanda ya ba shi aikin kula da akwatin. Dakta ta gaji da tambayoyinsa ne kawai, ta miƙa masa. Ya koyi haɗa gishirin teku da ake aiko da shi daga Legas da ruwan da na'urar asibiti ta tace. Ya koyi cewa zafin Kano na shanye ruwa ya bar gishiri, don haka ciko da ruwan daɗi ake yi. Ya koyi wanke kofin na'urar kumfa, wadda ke tattaro dauɗar ruwa ta tura ta sama a cikin kumfa mai wari. Idan aka ɗauke wuta, akwatin yake fara dubawa kafin ya nufi janareta, abin da ya jawo masa faɗa ba sau ɗaya ba. Abinci kuwa kan ƙaramin cokali ne, safe da yamma. Shekara biyu ba abin da ya mutu a hannunsa.

Sai bazarar bara. Gansakuka ta fara fitowa a jikin duwatsu, koriya, mai tsawo kamar gemu. Ya tsige, ta dawo. Murjanin da ke da launin shuɗi da ruwan hoda suka koma kalar ƙasa, waɗansu suka rufe bakunansu suka ƙi buɗewa.

Dakta ta sa a kira Nusaiba daga ɗakin gwaje-gwaje. Nusaiba ba ta daɗe da gama jami'a ba, ilimin sinadarai ta karanta, kuma wannan ne aikinta na farko. Irin mutanen nan ce da ke kulle ƙofa su tafi, su dawo su sake murɗa ta. Ta ɗebi ruwan akwatin a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, ta girgiza tana kallon agogo, ta ajiye. Ruwan ya fara sauya launi, daga fari zuwa ruwan hoda, bai tsaya ba sai da ya koma kamar zoɓo. Ta kara shi da wani kati mai launuka. Ta zubar ta sake daga farko, don ba ta yarda da hannunta ba.

"Tamanin," ta ce. "Murjani ba ya son ya wuce goma."

"Tamanin na me, 'yata?" Malam Zakariyya ya tambaya.

"Naitiret, Baba. Kifi ya ci abinci ya yi kashi, ragowar abincin ma ya ruɓe. Akwai waɗansu ƙananan halittu a cikin duwatsun nan da ke sarrafa wannan dauɗar, su rage mata guba. Abin da ya saura a ƙarshe shi ne naitiret. Ba ya fita da kansa, taruwa yake yi. Kifi na iya jurewa, murjani ba ya iyawa, gansakuka kuma abincinta ne."

Ya dubi gansakukar. "Kamar taki ke nan?"

"Shi ne ma a cikin takin zamani."

"Ikon Allah. Ashe gona muke yi wa gansakuka."

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta ce ba za ta zauna tana kallon halittun nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Mako shida ta bayar. Idan abin bai gyaru ba, akwai wani mai kiwon irinsu a Abuja, zai zo ya kwashe kifayen da abin da ya rage na murjanin, a fitar da akwatin. Sannan ta tambayi Nusaiba me ke kawo haka.

Nusaiba ta ce, "Duk inda na karanta, abu na farko shi ne yawan abinci." Ta ɗan dubi Malam Zakariyya ta kawar da kai. "Kuma Baba ne ke ba su."

Ya zaro cokalin daga aljihun gaban rigarsa ya nuna musu, ya mayar. A hanyar gida ranar da ƙafa ya tafi, bai hau komai ba, yana ta tunanin ko hannunsa ne ya fara nauyi bai sani ba.

Suka shiga aiki su biyu. Shi ya so a zubar da ruwan duka a zuba sabo, kamar yadda ake wanke randa. Nusaiba ta ce a'a, sauyin gaggawa ya fi dauɗar kashe murjani. Kashi ɗaya cikin biyar za a riƙa sauyawa duk mako. Ya haɗa jarka uku na sabon ruwan gishiri, ya bar su suka kwana. Ya sa mesa ya zuƙe dattin da ya kwanta a cikin yashi, baƙi ƙirin ya fito. Soson da ke tace ruwa, wanda a da sai mako yake wanke shi, ya koma wankewa duk bayan kwana biyu. Abinci ya rage shi zuwa rabi. Nusaiba har ruwan rijiyar burtsatsen asibitin ta gwada, ta tarar shi ma da naitiret a ciki, amma Malam Zakariyya ya rantse bai taɓa zuba shi ba, kuma ruwan na'urar da yake ciko da shi fes ya fito.

Wata safiya ta zo da wayarta tana murmushin jin kunya. "Baba, Turawa fa wai giya suke ɗigawa a ruwan. Ƙananan halittun nan suna samun ƙarfi su cinye naitiret ɗin."

"Giya? A Tarauni? Kifin da ya zo daga wajen Jidda?" Ya kama baki. "Ke za ki je sayowa ko ni?"

"An ce ruwan kal, mai tsamin nan, ma yana yi."

"To, a tsaya a kal ɗin."

Suka fara ɗiga ruwan kal kaɗan-kaɗan. Ranar Laraba gwaji ya nuna hamsin, suka yi murna. Ranar Litinin ya koma saba'in. Haka aka yi mako uku, a sauko a hau. Reshe ɗaya daga cikin murjanin, wanda ya fi kowanne tsawo, ya fara fari daga gindi. Nusaiba ta daina haɗa ido da shi. Ya san abin da take zato: yana tausayin kifin, yana ƙara musu a ɓoye.

Shi kuwa wani abu ne daban ke damunsa, abin da ba ya cikin katin launuka. Kifin da aka rage wa abinci mako uku ya kamata cikinsa ya ɗan shafe. Waɗannan sai ƙara sheƙi suke yi. Akwai ɗaya mai ruwan lemo da farar ɗamara, ya yi tumbi kamar ɗan kasuwa. Da yamma idan ya zuba musu rabin cokalin, kallonsa suke yi su wuce. Na biyu, na'urar kumfa tana aiki lafiya da safe, amma bayan azahar sai kumfar ta kwanta. Ya haska saman ruwan da tocila daga gefe, ya ga wani maiƙo siriri yana yawo.

Sai ya yi abin da mahaifinsa ke yi a bakin kogi idan kifi ya sauya hali. Ya samu kujera ya zauna, bai taɓa komai ba, yana kallo kawai.

Wani magidanci mai hula ya wuce gaban akwatin. Kifin ba su kula ba. Ma'aikaciyar jinya ta wuce da fararen kaya, ko motsi. Can wata mata ta fito daga ɓangaren kwanciya da dogon hijabi, za ta sayo ruwa. Kifaye shida suka bar abin da suke yi, suka ruga kusurwar dama ta sama suka yi cincirindo, baki a buɗe.

Ya miƙe ya leƙa ɗakin gwaji. "'Yata, zo ki wuce ta gaban akwatin nan."

Ta wuce da farar rigar aikinta da ɗan mayafi. Ba abin da ya faru.

"Yanzu cire rigar, ki sa hijabin sallarki."

Ta dube shi kamar za ta yi tambaya, ta fasa, ta je ta sako. Tun kafin ta iso tsakiyar gilashin kifin suka taru a kusurwar. Ta koma baya ta sake wucewa. Suka sake taruwa. Sau huɗu ta yi, har masu jira suka fara kallonta.

A wannan kusurwa murfin akwatin yana da 'yar kafa inda wayar fitila ke shiga, yatsa biyu za su wuce. Malam Zakariyya ya shafa bakin kafar ya sansana. Man gyaɗa ne, da ɗan ƙamshin albasa.

Washegari ya haƙura da jam'in azahar. Ya yi sallarsa a ɗakin janareta, ya dawo ya tsaya bayan ƙofar ɗakin magani. Lokacin nan ɗakin jira kan zama wayam, maza sun tafi masallaci, mai karɓar kati ma ta shiga ciki. Ba a jima ba mata uku suka fito. A gaba wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ya san ta da gani: Inna Jummai, daga wani ƙauye a bayan Rano, wadda ke jinyar 'yarta Hasana mai ciwon ƙoda mako na biyar ke nan. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙosai biyu. Ta yi bisimilla, ta murmushe su, tana turawa ta kafar tana motsa baki. Ta biyu ta tura gutsuren waina. Ta uku biredi ne da ita.

Ya yi gyaran murya ya fito. "Sannunku, Inna. Ya mai jiki?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Da sauƙi, Malam. Gara da ka zo, dama ina neman ka. Kai ne mai ba bayin Allahn nan abinci?"

"Ni ne."

"Ka ji tsoron Allah. Ina kallon ka. Kan cokali, su shida! Kwanan nan ma ka rage. Da na ga haka na ce wa matan nan kowa ta riƙa ƙarawa, kada su mutu a kan idonmu."

Wato ranar da ya rage rabin cokali, ranar aka ninka ƙosai.

Ta ci gaba da bayani, ba tare da ya tambaya ba. A garinsu idan mutum ya kwanta ciwo, ana fitar masa da sadaka kullum, ko gero ne a watsa wa tsuntsaye, ko tsaki a zuba a bakin gidan tururuwa. Nan kuwa ta duba ko'ina, ƙasa duk tayil, ba tururuwa, ba kurciya, ko kyanwa ba a bari ta shigo. Masu rai da baki da ta samu su ne waɗannan. Wata mata da ta tarar a gadon kusa da su ita ta nuna mata kafar, kuma an sallami ɗanta lafiya lau.

"Ga su baƙi, an raba su da garinsu," ta ce. "Kamar mu."

Malam Zakariyya ya tsuguna a gaban gilashin ya ce ta matso. Ya haska dogon reshen nan da tocila. Rabinsa ya riga ya zama fari fat.

"Inna, kin san murjani?"

"Wanda ake ɗaurawa? Da shi aka kai ni ɗaki."

"To, ga danginsa da rai. Dubi nan sama, kin ga waɗannan ƙananan bakunan? Nan ƙasa da ya yi fari kuma ya mutu. Kifin suna cin ƙosanki su ji daɗi, amma abin da ya ragu yana ruɓewa ya ɓata ruwan. Ruwan nan ba ya gudu kamar kogi, abin da ya shiga ya zauna. Shi wannan ba ya iya guduwa."

Ta daɗe da fuska a jikin gilashi. Ta sa ya matsar da hasken sama, ya dawo da shi ƙasa. Ta tambaya ko yana jin zafi, ya ce bai sani ba. Ta tambaya ta ina yake kashi, ya ce ta bakin nan dai, haka Likita ta ce. Sauran matan biyu suka yi salati.

"Ni na kashe shi ke nan," ta ce a hankali. "Ina neman wa Hasana sauƙi."

"Ba ki sani ba, Inna. Ni ma shekara biyu da suka wuce dutse na ɗauke shi."

Da labari ya kai wa Dakta Balaraba, ta ce a toshe kafar, a sa kwaɗo a murfin, a manna takardar gargaɗi. Malam Zakariyya ya ce kafar kam zai toshe. Amma yawancin matan ba sa karatun boko, kuma wadda ɗanta ke kwance ba za ta fasa sadaka don takarda ba. Idan aka rufe nan, za ta gano inda ruwan ke zagayawa a ƙasan akwatin. Sadakar ce ke bukatar wurin zuwa. Ya roƙi izinin ajiye rabin duro a bayan asibiti, ƙarƙashin darbejiya. Dakta ta ce sauro fa? Ya ce abin da zai zuba a ciki ba ya barin ɗan sauro ya kwana.

Ranar Asabar ya je Wudil ya dawo da 'ya'yan tarwaɗa goma sha biyu a jarka. Ya rufe duron da raga. Inna Jummai ta leƙa ta taɓe baki, ta ce waɗannan ai 'yan gida ne, ko a kwata sa rayu. Sai ya zaro cokalin nan ya miƙa mata. Daga ranar, abincin safe na kifin teku ita ke zubawa da hannunta, shi yana aunawa, ta yi addu'arta a kai. Ƙosai da waina da biredi kuwa suka koma bayan asibiti, inda tarwaɗa ke karɓar su da fantsama ruwa har a hijabi. Matan suka fi son can ɗin ma, don ana ganin godiya.

Nusaiba ta same shi yana wanke soso a bakin famfo. Ta tsaya tana murza yatsu. "Baba, na ɗora maka laifi a gaban Dakta. Kwana uku ina so in faɗa na kasa."

"Karatunki bai yi ƙarya ba, abinci ne ya yi yawa," ya ce, bai ɗago ba. "Hannun ne kawai ba nawa ba. Riƙe mini bokitin nan."

Mako na huɗu gwaji ya nuna sittin. Na biyar, arba'in. Kumfar na'ura ta daina kwanciya, gansakukar da ya tsige ta dawo a gajarce. Dogon reshen dai bai tsira ba, ya ƙarasa fari har sama, ya cire shi ya ajiye a kan taga. Ranar da mako shida suka cika, Nusaiba ta yi gwajin a gaban Dakta, kwalbar farko ta suɓuce mata ta zube. Ta biyu ta tsaya a ruwan hoda.

"Ashirin da biyar," ta ce. "Bai kai goma ba."

Malam Zakariyya ya sunkuyar da kai. Dakta ba ta dubi katin ba. Ta ɗauki tocilarsa ta bi murjanin ɗaya-ɗaya. Mai kama da kunnen giwa ya buɗe, gefensa ya fara komawa shuɗi. Ta miƙe ta fita da waya a kunne, suka ji tana cewa mutumin Abuja kada ya wahalar da kansa. Da ta dawo ta ce a ci gaba da sauya ruwan yadda ake yi, kada kowa ya yi gaggawa.

Kwana biyu bayan haka aka rubuta wa Hasana takardar komawa babban asibitin koyarwa, inda ake wankin ƙoda. Ana loda tabarmi da kwanuka a Adaidaita, Inna Jummai ta dawo ciki da sauri. Ta damƙa cokalin a hannun wata mai jinya daga Gaya, ta ja mata kunne cewa abin da Malam ya auna shi ke nan, ko ƙwaya kada ta ƙara. Sannan ta nuna farin reshen da ke kan taga.

"Wannan zubarwa za ku yi?"

"Ba shi da sauran amfani, Inna."

"Ba ni. Idan na koma na ce na ga murjani da baki yana cin abinci, cewa za su yi zaman asibiti ya taɓa ni."

Ya ɗauraye shi a famfo ya miƙa mata. Ta naɗe shi a ɗankwali don kada rassan su karye, ta fita wajen 'yarta, direba na ta danna ham.